Dalar Fir'auna da Kushewar Kakanmu

Mutanen da wannan babi ya shafa su huɗu ne, ni Lawali na biyar. Akwai Baffa Sale, wan mahaifina, farken fata da gashin jimina a Zango, unguwar fatake ta Damagaram, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Akwai Inna Hajara da ta haife ni, ƴar wani ƙauye da ke bayan Tirmini. Akwai Kawu Kanta, wanta uwa ɗaya uba ɗaya, manomi, wanda kula da kushewar kakansu ke hannunsa. Na huɗun Bafaranshe ne, mataimakin kumandan, wanda mutanen Damagaram suka laƙaba wa Mai Tabarau. Ainihin sunansa ba zan rubuta ba, domin ya riga ya tafi inda za a tambaye shi, ni ma ina kan hanya.

Ku ƴaƴana kun taso kuna jin ana cewa girman kai ne ya sa aka kori ubanku daga biro, wato ofishin Faransawa, wasu kuma su ce karatun Masar ne ya taɓa masa kai. Na daɗe ina ƙyale maganar. Yanzu da idona ya fara gajiya, na ga gara in rubuta ta da hannuna, har da laifina a ciki, domin laifin yana da yawa.

Na yi shekara uku a lakwal, makarantar Nasara, na iya Faransanci gwargwado, kafin Baffa ya cire ni ya tafi da ni hajji ta hanyar gabas, ta Barno da Wadai da Fashir. Bayan mun sauke farali ya bar ni a Alƙahira hannun malamai, ya koma fataucinsa. Bayan shekara bakwai ya dawo ɗaukata. Ya iske ni da takardar shaidar malamai, da gemu sabon tsiro, da tabbacin cewa babu abin da ya saura ban sani ba. Ana saura kwana kaɗan mu kama hanya, ya tambaye ni ko na taɓa zuwa ganin tulin duwatsun nan da ake hangowa daga bayan kogi. Na ce masa wannan yawon Nasara ne, ɗalibi ba shi da lokacinsa.

"Shekara bakwai kana kwana kusa da abu ba ka leƙa shi ba?" in ji Baffa. "To in mun koma Zango aka tambaye ni, in ce me? In ce ɗana ya hana ni? Ɗauko takalmanka."

Muka shiga taragon lantarki har inda ya ƙare, sa'an nan muka hau jakuna. Larabawa suna ce musu Ahram. Na daɗe ina neman kalmar da za ta ɗauke su a Hausa, ban sami wadda ta fi dala ba, ko da yake ita ma ta yi musu kaɗan. Kun san duwatsun Birni da ke bayan fada, waɗanda Allah ya ɗora wani kan wani. To waɗannan hannun mutum ne ya sassaƙe su, kowane ɗaya ya kai mini ƙirji, an jera su sahu bisa sahu har sai da hulata ta faɗi garin neman ƙarshensu. Na zagaya babbar ina ƙirga takuna, na rubuta cikin wani ɗan littafi da nake yawo da shi, na zana siffarta. Baffa kuwa ya matsa kusa. Ya dafa dutse guda, ya daɗe yana shafa bakinsa inda ya haɗu da ɗan'uwansa, kamar yadda yake shafa ɗinkin baduku in zai sayi jaka.

Wani Balarabe jagora ya kunna kyandir ya shige da mu ciki. Hanya ce ƙunci, a duƙe ake hawanta, ga zafi, ga warin jemage kamar na tsohon rumbu. Baffa yana nishi yana salati a bayana. Muka fito wani ɗaki na baƙin dutse, babu zane, babu rubutu, babu kome sai akwatin dutse guda mai kama da komin shayar da raƙuma, ba murfi. Baffa ya karɓi kyandir ya leƙa ciki.

"Tambaye shi, ina mai ɗakin?"

Na tambaya. Jagora ya yi dariya ya ce wannan tun zamanin da ba wanda ya sani aka fitar da shi, amma in sarakuna muke son gani, akwai su da yawa cikin gari, a gidan da ake ajiye kayan mutanen da.

"Duk wannan aiki," in ji Baffa, "don mutum ya kwanta a ƙyale shi. Ba a kuwa ƙyale shi ba."

Kashegari jagoran ya kai mu wasu kaburbura can kudu, na fadawa da masu dukiya, waɗanda aka gina ƙarƙashin yashi. Nan ne zuciyar Baffa ta buɗe. Bango duk zane ne, launinsa kamar jiya aka shafa. Ga jakuna da mangala, ga masu sussuka, ga mata suna shiƙa, ga wani yana ɗura wa tsuntsu hatsi. A wani bango makiyayi ya saɓa maraƙi a kafaɗa yana ƙetare ruwa, maraƙin ya waiwaya, uwar ta miƙa wuya tana bin sa, garke duk ya biyo ta.

"Kai, Lawali! Wannan ai dabarar Fulaninmu ce! Dubi wancan, ya zauna yana ba da umarni, wasu na aiki. Wallahi na san shi, a Zango yake." Baffa ya yi dariya har ya yi tari. Da ya natsu sai ya ce a hankali, "Ashe mutane ne."

Rana ta uku muka je gidan kayan tarihin. Gida ne babba, hawa biyu, cike da gumaka da akwatunan gawa masu ado, amma ni abin da ya tsayar da ni ƙananan kaya ne: tandun kwalli irin na Inna sak, da faifai, da takalmin kaba, da dutsen niƙa da ɗansa. Muka hau sama, aka nuna mana wani ɗaki. Sarakunan suna kwance jere cikin akwatunan gilashi. An kware musu likkafani daga fuska. Fatar ta bushe ta yi baƙi kamar ƙirgin da ya shekara a rana, amma ga hanci, ga haƙora, ga gashi a kan wani. Nasara maza da mata suna zagayawa, wata tana fifita, wani yana sunkuyawa da gilashin ido. Ni kuwa karatuna ya motsa, na miƙa yatsa na fara yi wa Baffa bayanin abin da malamai suka faɗa game da Fir'auna. Ban ankara ba sai na ji ya buge mini hannu.

"Wa ya koya maka nuna mamaci da yatsa? Ciji!"

Kun san al'adarmu, wanda ya nuna kabari da yatsa sai ya ciji yatsan. Ni da takardar malamai a aljihu, na tsaya gaban Nasara na ciji yatsana kamar ɗan yaye. Sa'an nan Baffa ya cire mayafin da ke kafaɗarsa, ya shimfiɗa bisa gilashin, daidai fuskar wani tsohon sarki. Mai gadi ya taso da ihu, ya fizge mayafin ya jefa masa, ya ce in fitar da wannan baƙauye. Kunya ta kama ni, na yi ta ba da haƙuri da Larabci mai kyau. Da muka fito bakin titi Baffa ya naɗe mayafinsa ya dube ni.

"Kana jin kunyata ko? Kafiri ne ko ba kafiri ba, tsakaninsa da Mahaliccinsa. Amma mace ta haife shi, kuma da ya mutu wasu sun yi kuka sun rufe shi. Allah ya rufa mana asiri a bisa ƙasa, ya rufa mana a cikinta."

Na ce amin da baki. Sai bayan shekara guda amin ɗin ta kai zuciyata.

Da muka iso Damagaram ba a daɗe ba aka kira ni biro, domin suna neman wanda ya haɗa Larabci da Faransanci da Hausa, ya karanta musu wasiƙun alƙalai da na fatake. Aka ba ni tebur da alƙalamin ƙarfe. In na ratsa kasuwar Zango da yamma har Kanawa masu rumfuna suna tashi su gaishe ni, suna cewa Malam na Masar. Mai Tabarau ne shugabana. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutum ne mai son sani, kuma shi kaɗai ne Bature da ya taɓa ba ni kujera. Ran da ya ga ɗan littafina na zane ya kusa tashi sama don murna. Shi bai taɓa zuwa Masar ba, a littafi kawai ya san ta. Kullum in an tashi aiki sai ya tsare ni, in ba shi labarin dala da kaburbura, yana rubutawa. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai.

Wata rana da la'asar ya rufe littafin, ya dubi waje ta taga, ya ce abin tausayi ne ƙasarmu. Masar tana da jiya, mu kuwa ba mu da kome sai yashi da ƙaya, mutanen da suka zo suka wuce ba su bar ko alama ba. Maganar ta soke ni. Na ce masa ya yi kuskure, mu ma muna da namu. Daga nan bakina ya kwance.

Ga abin da na faɗa masa, wanda ba a faɗa wa bare. A ƙauyen su Inna akwai kushewar mutumin da ya haƙa rijiyar farko ya kafa garin, tun kafin salla ta iso wurin. Ba a kiran sunansa, Kaka kawai ake cewa. Tsofaffi sun ce a zaune aka rufe shi, da mundayen tagulla har gwiwar hannu, da mashinsa, da tukwane. Alamar wurin duwatsu uku ne a tsakiyar wani fako, tsakanin rijiya da tsauni. Kowace shekara, kafin ruwan fari, namiji babba na gidan yakan sake shinge wurin da sabuwar ƙaya saboda kura, mace babba kuma ta share shi da sabuwar tsintsiya. Ba yanka, ba roƙo, shara ce da ƙaya kawai, shi ya sa malamai ba su taɓa hanawa ba. A zamanina Kawu Kanta ne mai ƙaya, Inna ce mai tsintsiya. Duk shekara takan tafi da ƙafa daga Zango don wannan, ko tana ciwo.

Bayan mako guda Mai Tabarau ya kira ni yana fara'a. Ya ce ya sami izinin kumandan, za a ba shi ƴan aiki da diga, za mu je mu tono Kaka. Kayan da ƙasusuwan za a aika da su babban gidan tarihi na ƙasarsu, a sa cikin gilashi, a rubuta sunana a takarda a gefe. Ya ƙara da cewa kujerar babban tafinta ta kusa zama ba kowa. Ina tsaye ina jin sa, abin da nake gani fuskar tsohon sarkin nan ce, da matar da ke fifita a kansa.

Na iske Inna a tsakar gida tana kaɗi. Na durƙusa na faɗa mata. Ba ta ɗaga murya ba, mazarin kawai ya tsaya.

"Wa ya gaya masa?"

"Ni ne, Inna."

"Da bakinka? Dukan ka ya yi?"

"Bai doke ni ba."

"To me ya ba ka?"

"Kujera ya ba ni," na ce, domin ban sami wata gaskiyar ba.

Aka aika wa Kawu, ya iso kashegari da hantsi, ƙafafunsa fari fat da ƙura. Muka zauna a zauren Baffa mu huɗu. Kawu mutum ne mai ƙarancin magana, amma ran nan ya fara da ni.

"Ɗan Hajara, shekara bakwai aka ce kana karatu. Ba a koya muku yin shiru a can?"

Baffa ya ce faɗa ba zai mayar da magana ciki ba, a nemi mafita. Kawu ya ce mafita mai sauƙi ce, in kai Bature wani tudu can daban, ya tona ya gaji. Na ce ba zan iya ba. Na farko, in bai sami kome ba zai bi fakon nan rami rami har ya dace, tun da na riga na gaya masa tsakanin rijiya da tsauni ne, kuma duwatsu uku da shingen ƙaya ba su ɓoyuwa. Na biyu, ban san tudun da ba kakan wani a ciki ba. Na ce abin da zan iya shi ne in ƙi, a fili, in ɗauki abin da ya biyo baya.

"Ƙinka zai tsayar da shi kwana nawa?" in ji Kawu.

"Sai ya nemi wani tafinta, ya sake neman ƴan aiki. Mako biyu, ko uku."

Kawu ya leƙa waje ya dubi gabas, inda hadari ya fara taruwa kwanakin nan. Ya ce in an ƙone ƙayar, aka mirgine duwatsun cikin ƴan'uwansu na gindin tsauni, aka kira gayya aka shuke fakon gaba ɗaya da ruwan fari, ba Baturen da zai gane wurin. Sa'an nan ya sunkuyar da kai, ya ce amma mu ma bayan damina biyu ba za mu gane shi ba. Fako ne shimfiɗaɗɗe, duwatsun nan su kaɗai ne shaida. In kuwa aka bar wata alama a ɓoye, wata rana wani zai sake faɗa, ko don kujera ko don bulala.

Ba wanda ya dubi Inna, amma kowa ya san maganar tata ce. Tun tana budurwa take sharar nan, daga hannun gwaggonta ta karɓa. Ta juya wajen Baffa.

"Yaya Sale, kai ka gan su da idonka. Da gaske fuska a buɗe?"

"A buɗe, Hajara. Har haƙora. Na rufa wa ɗaya mayafina aka kore ni."

Ta daɗe tana murza bakin zanenta. Sa'an nan ta ce, "Kanta, ɗauke duwatsun. Gara in rasa inda yake da in san yana inda ake kallon sa."

Ranar da aka sa, da safe, na sa farar rigata na tafi biro. Mai Tabarau ya shimfiɗa taswira a tebur, ya danne kusurwoyinta da kwalbar tawada da wasu littattafai. Ya nuna mini Tirmini, ya nuna rijiyar, ya ce in sa yatsana daidai wurin, don ya san yawan mutanen da zai ɗiba. Na dubi takardar. Na san wurin kamar tafin hannuna. Na mayar da hannuwana cikin hannun riga na haɗa su a baya. Na ce masa, da Faransanci mafi kyau da na taɓa yi, a gidanmu ba a nuna kabari da yatsa. Na ce na shiga cikin dala na ga akwatin da ba kowa, na kuma ga inda aka kai masu irinsa, kakan uwata ba zai je can ba. Na ce kuskurena ne da na faɗa masa, ina neman gafararsa a kan wannan, amma ba zan ƙara kuskure na biyu a kan na farko ba.

Ya fara da lallashi. Ya ce ni mai ilimi ne, ba irin sauran ba, ilimi kuwa na duniya ne duka. Ya ce a can za a adana Kaka shekaru dubu, a nan gara ce za ta cinye shi.

"Ranka ya daɗe," na ce, "ai don ƙasa ta ci shi aka sa shi a ciki."

Fuskarsa ta yi ja. Ya cire tabarau ya ajiye, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya ce umarnin kumandan ne, ƙin sa tawaye ne. Ya buɗe aljihun teburina ya ɗauke ɗan littafina na Masar, ya kira gardi, ɗan sandan Faransawa. Aka ratsa da ni ta gaban masu jiran shari'a, waɗanda jiya suke ce mini Malam, aka kai ni kaso.

Ina ciki ruwan fari ya sauka. Na ji ƙamshin ƙasa ta ƙarƙashin ƙofa, na yi hamdala. Abin da ya faru a ƙauye Kawu ne ya ba ni labari daga baya. Gari duka ya fito gayya, har waɗanda ba dangin Kaka ba, suka shuke fakon daga bakin rijiya har gindin tsauni. Da Mai Tabarau ya iso da sabon tafinta da gardawa, gero ya kai idon sawu, kore shar, ba shinge, ba duwatsu uku. Duk wanda aka tambaya sai ya ce wane Kaka, ai kowa a garin nan yana da kaka. Wata tsohuwa ta ce in kakanta ake nema, a Barno ya mutu, in Bature zai je ya gaishe mata da shi. Ya sa aka haƙa rami biyu, ya sami gidan tururuwa da saiwar magarya. Kafin ya tafi ya sa aka kwashe wa Kawu rumbu guda, horon ɓata wa hukuma lokaci.

Na fito bayan kwana arba'in, aka miƙa mini takardar sallama a bakin ƙofa. Na koma zauren Baffa na shimfiɗa buzu, na fara koyar da Larabci da rubuta wa fatake wasiƙa, aikin da kuka taso kuka same ni a kai. Ban ƙara zama a kujerar Bature ba.

Bayan an yi girbi an kwashe kara, na raka Inna ƙauye. Ta shiga fakon ita kaɗai, ni da Kawu muna tsaye a bakin rijiya. Ta tafi ta tsaya, ta dubi tsauni, ta matsa hagu, ta koma baya, ta sake tsayawa. Kunyoyin gona sun bi ko'ina iri ɗaya. Ta kira wanta ta ce ko nan ne. Kawu ya ce bai sani ba, ran da suka mirgine duwatsun da gangan ya hana kansa ƙirga taki. Ta daɗe a tsakiyar fili. Da ta dawo idonta a bushe yake. Ta miƙa mini sabuwar tsintsiyar da ta ɗauko daga Zango, ko don mantuwa ko don sabo.

"Riƙe, Malam na Masar," in ji ta. "Yana nan dai. A rufe."

Ranar ce ta fara kira na da wannan suna, kuma ba da gatse ta faɗa ba. Tsintsiyar ita ce wadda kuke gani a soke a rufin ɗakina, wadda na hana a taɓa.

Abin da muka rasa a shekarar ke nan: aikin biro ɗaya, da kujerar babban tafinta da ban hau ba. Kwana arba'in. Littafin zane ɗaya. Rumbun gero ɗaya. Duwatsu uku. Kabari ɗaya, wanda har yau ba mai iya nuna shi.